Kaurin Baƙin Mai a Inda Ido Ba Ya Gani

Bakanike kan murza baƙin mai tsakanin yatsu biyu ya yanke hukunci kan kaurinsa, amma man da yatsa ke ji daban yake da wanda ke aiki cikin injin. Tsakanin karanshaf da mazauninsa, shimfiɗar man da ke hana ƙarfe cin ƙarfe 'yan maikiron ce kawai, alhali silin gashi ya kai wajen maikiron 70. Masana na auna tsananin murzar ta hanyar raba gudun ƙarfen da kaurin shimfiɗar: mita 10 a daƙiƙa bisa maikiron 10 na ba da miliyan ɗaya a daƙiƙa. A nan mai irin 15W-40 kan tsinke na ɗan lokaci, domin dogayen ƙwayoyin folima da aka zuba masa don ya jure zafi suna warwarewa su miƙe. Shi ya sa ƙa'idar SAE J300 ta Amurka ta wajabta gwaji a zafin digiri 150 da murza miliyan ɗaya, inda dole kaurin 15W-40 ya kai maki 3.7, na 0W-20 kuma 2.6.

Awon ne ke da wuya. Murza na haifar da zafi, zafi kuma na tsinka mai, har mai awo ya kasa gane wanne ne ya rage kaurin. Dabarar kamfanin PCS Instruments na Landan ita ce a matse tazarar zuwa kusan maikiron ɗaya, a murza man cikin ƙiftawar ido kafin zafi ya taru, kuma da haka murzar ke kaiwa miliyan 10 a daƙiƙa.

Wani zai ce na'urar ɗakin gwaji ba injin ba ce, kuma yana da hujja. A haƙoran giya matsi kan haura gigafaskal ɗaya, mai ya kusan daskarewa, kuma Hugh Spikes na Kwalejin Imperial da Scott Bair na Georgia Tech sun yi shekaru suna saɓani kan lissafin da ya dace da wannan hali. Sai dai saɓanin nasu ya shafi inda matsi ya tsananta ne. A mazaunin karanshaf awon na hasashen kaurin shimfiɗar sosai. Mai cewa a zuba mafi kauri a huta kuwa ya manta cewa injin zai ƙone ƙarin fetur wajen jan wannan kauri, kuma da sanyin asuba man zai makara kafin ya isa saman injin.