Shin Ko Kun San? Faifan CD Da Ya Karce Yana Da Sauran Numfashi

Shin ko kun san cewa gefen faifan CD mai sheƙi, wanda kowa ke lallaɓawa, ba a nan sauti da hoto suke ba? Kaurin faifan milimita 1.2 ne, kuma kusan dukkansa roba ce garai-garai mai suna folikabonet. Bayanan suna can sama, a jikin siririn shafen alminiyam da ke ƙarƙashin fentin da aka buga sunan fim ko hoton malami. Kamar madubi ne: in gilashin gaba ya karce za ka ga fuskarka ko da dishi-dishi, in kuwa aka kankare shafen baya, shi ke nan. Saboda haka mai kwantar da faifai a kan siminti ta gefen rubutu, wai don ya kare gefen sheƙi, makasarsa ya miƙa wa ƙasa. Haka ma mai danna masa biro yana rubuta suna.

Kafin ku wahalar da kanku, ku ɗaga faifan saitin fitila. In kun ga haske na ɓullowa ta wasu ƙananan huda, abin da ke wurin ya tafi, babu man da zai dawo da shi. In babu huda, akwai fata.

Shin ko kun san DVD ya fi CD jure karcen gefen rubutu? Faifai biyu ne masu kaurin milimita 0.6 aka manne, bayanan suna tsakiya.

Shin ko kun san faifai daga ciki yake fara karatu? Layi ɗaya ne tak ya naɗe daga kusa da ramin tsakiya har zuwa baki, kuma da za a warware shi zai wuce kilomita 5. Kamfanonin Philips da Sony da suka fito da CD a 1982 sun san dole ya karce a hannun mutane, sai suka yi dabara. Suka warwatsa bayanan a kan layin, suka haɗa da lissafin cike giɓi da Irving Reed da Gustave Solomon suka ƙirƙiro a 1960. Da wannan lissafi na'ura kan maido da abin da ya ɓace matuƙar ɓarnar ba ta wuce kimanin milimita 2.5 a tsawon layin ba. Nan ne sirrin yake. Karcen da ya taso daga tsakiya ya miƙe zuwa baki yana ratsa kowane zagaye ne ya ɗan taɓa shi kaɗan, na'ura ta cike. Wanda ya bi zagayen kuwa yana cinye dogon layi a jere, sai faifai ya yi ta tsalle ko ya maƙale. Abin takaici, yadda hannu ya saba gogewa ke nan: a kama bakin riga a yi ta murzawa a kewaye. Ku daina, don Allah. Daga tsakiya zuwa baki ake shafa, miƙe.

Shin ko kun san dalilin da ya sa faifan fim ya fi na kwamfuta saurin lalacewa? Tsarin VCD da ya fito a 1993, wanda finafinan Hausa suka hau bayan kaset, ya sadaukar da wani sashe na lissafin gyara don ya samu wurin zuba hoto: kowane gurbi yana ɗaukar bait 2,324 maimakon 2,048 na faifan kwamfuta. Shi ya sa duk wanda ya kalli faifan da dillalai suka saro daga Ƙofar Wambai ta Kano zuwa Gusau, daga nan ya gangaro Anka ko Bukkuyum, ya san fuskar jarumi in ta tarwatse ta zama ƴan murabba'ai, murya ta sarƙe, yara su ce a fitar a goge.

To, sau da yawa ma ba karce ba ne. Maiƙon yatsa ne da ƙurar hunturu, ko kuma idon na'urar ne ya yi datti. Ku wanke faifan da ruwa mai tsabta da ɗigon sabulun ruwa, ku ɗauraye, ku tsane da ƙyallen auduga mai laushi. Kada ku goge shi a bushe alhali da ƙura a kai, don yashin da ke cikinta ya fi robar tauri.

Shin ko kun san maganar goge faifai da makilin gaskiya ce, amma rabinta? Farin man goge baki yana da ɗan gari mai laushi da ke cin tsatsar haƙori, shi ne ke rage kaifin bakin karcen har hasken na'ura ya daina karkacewa. A ɗiga kaɗan, a shafa daga tsakiya zuwa baki na ƴan mintuna, a wanke tas, a bari ya bushe. Mai kama da jeli ba ya aiki sosai. Karce mai zurfi wanda farce ke maƙalewa a ciki ya fi ƙarfin makilin, sai injin goge faifai, shi ma ɗin sassabe robar yake yi, ba a yawan maimaitawa. Basilin kuwa cike ramin yake na ɗan lokaci, kuma in ba a share shi sarai ba zai ja ƙura ya ɓata na'ura. Fetur, tina da abin cire jan farce, ko kusa kada su zo. Suna cin robar, faifai ya yi hazo ko ya tsattsage.

Ga wadda ta fi damuna. Shin ko kun san faifan da aka buga a masana'anta daban, wanda mai shago ya ƙona muku a kwamfuta daban? Na biyun, CD-R, ba shi da ramukan gaske. Rini ne a ciki wanda haske ya ƙona, kuma rana da zafi suna kashe rini ko da faifan bai taɓa karcewa ba. A ƙasar da zafin Afrilu kan haura digiri 40, faifan da aka bari a gaban mota ko ƙarƙashin kwano ba zai yi tsawon rai ba. Masu adana tarihi kan nemi CD-R mai shafen zinare saboda zinare ba ya tsatsa. Namu na kasuwa ba irinsa ba ne.

Kuma a kan wannan rarraunan faifai ne abin da ba shi da madadi yake. Tafsirin Sheikh Abubakar Mahmud Gumi, ɗan garin Gummi da ya rasu a 1992, ya tashi daga kaset ya hau CD ya koma memori, yana hannun dubban mutane. Waƙoƙin Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru da Sani Sabulu na Kanoma, in naka ya lalace mai turi zai zuba maka wani. Amma bidiyon ɗaurin auren iyayenku fa? Walimar saukar Alƙur'ani, naɗin sarautar kakanku, hawan sallar Sarkin Zamfaran Anka na wata shekara da wani mai kyamara ya ɗauka? Wataƙila kwafi ɗaya ne a duniya, yana cikin leda a ƙasan akwati, ɗauke da fuskokin mutanen da suka rasu da ƙauyukan da rashin tsaro ya tasa. Wanda ya ga yadda aka katse layukan waya a Zamfara a watan Satumba na 2021 ya san amfanin abin da ke hannu.

Don haka duk gogen nan manufarsa ɗaya ce: faifan ya karantu sau ɗaya a kwafe shi. Shin ko kun san fim ɗin VCD yana cikin jakar MPEGAV ne, da suna irin AVSEQ01.DAT, kuma manhajar VLC na buɗe shi kai tsaye? In kwamfuta ta tsaya a tsakiyar kwafa, manhajoji irin su IsoBuster da ddrescue kan tsallake wurin da ya lalace su kwaso sauran, sannan su dawo su yi ta gwada shi. Wata na'urar ma takan karanta abin da wata ta kasa, saboda haka ku gwada biyu ko uku. Ku hanzarta kuma, domin yawancin sababbin laftof sun daina zuwa da wurin sa faifai. In an kwafe, a ajiye a wuri biyu, ɗaya a fulash, ɗaya a wayar wani ɗan'uwa da ke wani garin.