Aya Da Gurjiya Da Kumburin Ciki

Duk wanda ya ratsa Unguwar Boro da la'asar, ta hanyar Kachiya wajen Sabon Tasha, zai iske masu tallan aya da dafaffiyar gurjiya da gasasshiyar masara, waɗanda mutane da yawa masu neman rage ƙiba suka mayar abin taɓawa a madadin cincin da fanke, alhali kuwa wasunsu sukan kwana da kumburin ciki da yawan tusa.

Illar ba daga abincin take ba, daga gaggawa take. Dusar da ke cikin waɗannan abubuwan taɓawa ba ta narkewa sai ta isa babban hanji, inda ƙananan halittu ke ruɓar da ita su haifar da iska. To, hanjin da bai saba ba, in an ɗora masa mudu guda rana ɗaya, dole ya yi ƙorafi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta shawarci baligi da giram 25 na dusa a yini, amma hikima ita ce a kai can sannu a hankali, cikin makonni, ana tauna sosai, ana yawaita shan ruwa.

Gyaɗa kuwa a yi hattara da ita, domin giram 100 nata ya haura kalori 500. Mai karatu, cikin tafin hannu ɗaya ya wadatar. In kumburin ciki ya dage, a nufi asibiti.