Wa Ya Kamata Ya Riƙe Ajin 'Yan Ƙanana?

A yawancin makarantunmu na firamare, in sabuwar shekarar karatu ta kama, hedimasta ya zauna rabon azuzuwa, daga sama ya kan faro. Malamin da ya fi kowa gwaninta a ba shi aji shida, don su ne jarrabawa ke gabansu, mai bi masa ya ɗauki aji biyar, haka har a gangaro. Ajin 'yan shekara huɗu da biyar kuwa, watau ajin share fage, sai a miƙa shi ga wanda ya saura, ko sabon ɗauka, ko wanda aka rasa inda za a kai shi. In ka tambayi dalili sai a ce maka ai raino ne kurum, kowa ma ya iya. A ganina an juya abin ne a baibai, shi ya sa na ke so mu duba shi tare da masu karatu.

Horon malamai dai ba baƙon abu ba ne a Arewa. Sa'ad da Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawar Kano cikin 1909, har da ajin malamai ya soma. Cikin 1922 aka yi bikin buɗe Kolejin Katsina don horon malamai, can ne Abubakar Tafawa Ɓalewa da Ahmadu Bello suka yi karatu, dukansu kuwa sun riƙe alli kafin su riƙe mulki. Amma duk wannan tanadi na yaron da ya isa shiga elementare ne. Wanda bai kai ba an bar shi ga uwa, da kaka mai tatsuniya, da malamin allo.

Sai cikin 1977 Tsarin Ilmi na Ƙasa ya ambaci karatun yara kafin firamare, ya ce a koya musu ta hanyar wasa, kuma da harshen gida ko na mutanen wurin. Abin da ya rage masa shi ne ya bar kafa irin waɗannan makarantu galibi a hannun masu zaman kansu, don haka 'ya'yan masu hali na birni suka fi cin moriyarsu. Dokar ilmin bai ɗaya ta 2004 ce ta jawo su cikin aikin Gwamnati sosai, sa'an nan tsarin da aka sake bugawa cikin 2013 ya sa shekara guda ta share fage kafin aji ɗaya. Kolejojin horon malamai kuwa, cikin 2012 hukumarsu ta sake fasalin karatun NCE, koyar da ƙananan yara ya zama ɗaya daga manyan fannonin da ɗalibi zai keɓanta da su. Mai lura zai ga an riga an buɗe ɗakuna da yawa kafin a tanadi masu shiga cikinsu.

To, me ake bukata ga wannan malami wanda na aji shida bai bukata? Ɗan shekara huɗu ba ya iya zama wuri ɗaya na dogon lokaci, kuma wannan ba taurin kai ba ne, halittarsa ke nan. Yatsunsa ba su yi ƙwarin riƙe fensir ba tukuna, sai ya murza yumɓu, ya yi zane a rairayi, ya zura duwatsun ado a tsarkiya, kana hannun ya faɗa. Lissafinsa da tsakuwa ya ke farawa da ƙwallon dabino, ya taɓa ya ƙirga, ba da haddar ɗaya zuwa ɗari ba. Bakinsa kuwa da tatsuniya da kacici-kacici ya ke buɗewa, yaron da ya iya maimaita labarin Gizo daga farko har ƙarshe ya riga ya kama hanyar fahimtar karatu. Har wa yau malamin nan shi ne ya kan fara gane yaron da kunnensa ko idonsa ke da lahani, ko wanda tamowa ta soma kamawa, tun ana iya magani. Duk wannan sani ne, koyonsa a ke yi. Mariya Montesori, wadda sunanta ya cika allunan makarantun kuɗi a biranenmu, likita ce, ta buɗe gidan yaranta na fari a wata unguwar matalauta a Roma cikin 1907, bayan shekara biyu kuma ta shiga horon malamai. Masu allunan nan da yawa sunan suka ɗauko, horon suka bari a can.

Mu ma na kolejoji ba mu fita daga laifi ba. Sau da yawa ɗalibin da ya rasa gurbi a wani fanni shi a kan turo wannan, mai koya masa kuma bai taɓa wuni da yara talatin 'yan shekara huɗu ba, sai ya tsaya yana yi musu shibtar amfanin wasa suna rubutawa. Ya kamata kowane koleji ya kasance da ajin yara na gwaji a cikin harabarsa, ɗalibai su riƙa zama ciki tun shekararsu ta farko.

Amma ko an gyara wannan, da sauran rina a kaba, watau shugabanni. Akwai wata ɗalibarmu mai hazaƙa da aka kai wata makarantar ƙauye. Da na ziyarce ta farkon zuwanta na tarad da yara a kan tabarmi, waɗansu na gina tukwane da laka, waɗansu na rarraba wake da gyaɗa suna ƙirgawa. Bayan wata shida na koma, sai ga su jere a kan benci, ƙafafunsu na lilo ba su kai ƙasa ba, suna kwafar baƙaƙen Turanci daga allo. Na tambaye ta yaya aka yi haka. Ta ce, “Ranka ya daɗe, mai duba makarantu ne ya zo, ya ce in kawo littattafan yara ya ga jan biro. Da bai samu ba ya rubuta wai ba na koyarwa. Iyaye kuma suna ta yi wa hedimasta ƙorafi, wai sun kawo yara karatu ana sa su wasan ƙasa.” Ban ga laifin mai dubawar sosai ba, gama takardar da aka ba shi ya cika ita ce wadda ya ke cikawa a aji shida, ba wanda kuma ya taɓa nuna masa abin da a ke nema a ɗakin ƙananan yara. Aikin shekara uku da koleji ya yi ya rushe da rahoto guda.

Tun 1992 akwai cibiyar horon masu tsara ilmi da gudanad da shi a Ondo, jihohi kuma su kan shirya bita lokacin hutu. Shawarata ita ce a sa wannan fanni cikin bitar hedimastoci, da masu duba makarantu, da sakatarorin ilmi na ƙananan hukumomi, kada kuwa ya tsaya ga lacca: kowannensu ya yi mako guda zaune cikin ajin share fage mai kyau. Shi hedimastan da ya gane abin, shi zai iya tara iyaye ya yi musu bayani su gamsu. Shi ne kuma zai tuna tsarin 2004 ya ce malami guda ga yara 25, ya kai kuka gaba in an cusa masa fiye da haka. A sake takardar dubawa, ta tambayi ko yara suna magana, ko akwai ruwan sha da wurin wanke hannu, ko malama ta san sunan kowane yaro. Sa'an nan malamin da ya ƙware a wannan aji a yi masa ƙarin girma yana cikinsa, kada ladan ƙoƙarinsa ya zama ɗauke shi zuwa aji shida.