Me ke gaggauta lalacewar hanta ga mai ɗauke da ƙwayar ciwon hanta?

Akwai abin da likitocin hanta suka saba gani. Mutum biyu sun kamu da ƙwayar ciwon hanta nau'in B tun suna goye. Ɗaya ya kai shekara 70 yana zuwa gona, bai ma san yana ɗauke da ita ba. Ɗayan kuwa bai cika 40 ba ciki ya kumbura, idanu suka yi rawaya, hoton asibiti ya nuna kansar hanta. Tambayar da masana suka daɗe suna bi ita ce abin da ya raba su.

Lamarin ba ƙarami ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum miliyan 254 ke ɗauke da nau'in B, miliyan 50 kuma da nau'in C, sannan ciwon hanta na ƙwayoyin cuta ya kashe mutum miliyan 1.3 a shekarar. A Nijeriya, binciken ƙasa na 2018 ya gano nau'in B a jikin kashi 8.1 cikin 100 na masu shekara 15 zuwa 64.

Yawancin ɓarnar tana zuwa ne daga faɗan da garkuwar jiki ke yi da ƙwayar a cikin hanta. Duk inda aka gwabza sai ya bar tabo, tabon ya yi ta taruwa shekara da shekaru har hantar ta ƙanƙance ta taurare, ba tare da mai ita ya ji ciwo ba. Shi ya sa yawan ƙwayar a jini ke da muhimmanci. Wani bincike da ya bi mutum 3,653 a Taiwan, aka wallafa shi a 2006, ya nuna waɗanda ƙwayar ta fi yawa a jininsu sun ninka masu ƙarancinta fiye da sau 10 wajen kamuwa da kansar hanta.

Wasu dalilan ba a hannun mutum suke ba. Jaririn da ya kamu lokacin haihuwa, sau 9 cikin 10 cutar kan zauna masa, alhali a babba ba ta kai kashi 5 cikin 100 ba. Namiji ya fi mace haɗari, haka wanda ya manyanta, da wanda aka taɓa yin kansar hanta a danginsa. Idan cutar ta haɗu da HIV ko ciwon hanta nau'in D, tabon kan yi sauri.

A Afirka ta Yamma kuwa, babban abokin cutar yana cikin rumbu. Gyaɗa da masarar da aka adana da danshi sukan yi fumfuna, ita kuma ta fitar da dafin da ake kira afalatoksin. Mai ɓarar gyaɗa ta san irin wannan gyaɗar: motsattsiya, mai baƙi-baƙi ko kore-kore, mai ɗaci a baki. Irinta ake warewa a sayar da araha, ta ƙare a ƙuli-ƙuli ko a tukunyar gida, kuma suya da dahuwa ba sa kawar da dafin. Binciken da aka yi kan maza fiye da 18,000 a birnin Shanghai na ƙasar Sin ya gano cewa dafin shi kaɗai yana ninka haɗarin kansar hanta kusan sau 3, nau'in B shi kaɗai kusan sau 7, amma idan suka haɗu a jiki guda sai abin ya kai kusan sau 60.

Maganin wannan dafin bai buƙaci injin zamani ba. A wasu ƙauyukan ƙasar Gini, an koya wa manoma tsince gurɓatacciyar gyaɗa da hannu, shanya ta a kan tabarma har ta bushe ƙayau, da ajiye ta cikin buhun da iska ke ratsawa a kan katako. Sakamakon da aka fitar a 2005 ya nuna dafin da ke jininsu bai kai rabin na ƙauyukan da ba a koya wa ba.

Giya, ko ta kwalba ko burkutu, tana ƙara wa hantar da ke fama nauyi. Haka teɓa da ciwon sukari, domin suna tara kitse a hanta. Sai kuma jiƙe-jiƙen “maganin shawara” da ake talla a tasha da kasuwa, waɗanda ba a san abin da aka zuba ciki ba, da shan farasitamol fiye da ƙa'ida.

Nau'in C yanzu ana warkar da shi da ƙwayoyi cikin mako 12 a fiye da kashi 95 cikin 100 na masu shan magani. Da gwajin gama-gari da wannan magani Masar ta karya lagonsa daga 2018. Nau'in B ba ya fita gaba ɗaya, amma maganin tenofovir yana danne shi, har tabon ya ragu. Likitoci na son wanda hantarsa ta riga ta taurare ya yi hoton ciki duk wata 6, jariri kuma a yi masa allurar riga-kafi cikin awa 24 da haihuwa.