Haƙorin Makka Dabam, Dashen Haƙori Dabam

Mutanen Daddara da Jibiya, da fataken da ke bi ta Magama zuwa Maraɗi, sun daɗe da sanin haƙorin Makka, watau suturar zinariya ko azurfa da ake yi wa haƙori daga waje. Amma dashen haƙori, wanda masu hali ke zuwa Kano ko Masar dominsa, wani abu ne dabam. Ƙusa ce ta ƙarfen titaniyam ake kafawa cikin ƙashin muƙamuƙi, a bar ta wata uku zuwa shida har ƙashi ya kama ta, sa'an nan a ɗora haƙori bisanta. Wani likitan Suwidin, Branemark, shi ya fara yi wa mutum wannan aiki a 1965.

Tun da ƙashi ne ke riƙe ƙusar, lalle a duba lafiyarsa. Akwai ciwon zaizayar ƙashi, wanda ya fi kama tsofaffi, musamman mata bayan ɗaukewar haila. Yakan ci ƙashi kamar yadda gara ke cin azara: waje lafiya lau, ciki holoƙo. Faɗuwa kaɗan sai karaya. Likitoci kan ba da ƙwayar alendronate, ko ƙarin ruwan zoledronate sau ɗaya a shekara, ko allurar denosumab duk wata shida. Magungunan nan suna rage rushewar tsohon ƙashi. To, da rushe tsoho da gina sabo ƙashi ke warkewa, saboda haka raunin muƙamuƙi kan yi jinkirin cikewa.

A 2003 wani likitan Amurka, Robert Marx, ya ba da labarin waɗansu majinyata masu karɓar irin maganin ta jijiya, waɗanda ƙashin muƙamuƙinsu ya mutu, ya bayyana cikin baki, ya ƙi warkewa. Abin ya fi samun masu ciwon daji, domin su ake ba mai yawa. Ga mai zaizayar ƙashi ba safai yake aukuwa ba, galibi dashensa yakan kama, illa dai haɗarin na ƙaruwa in an yi shekaru ana sha, ko akwai ciwon sukari ko shan taba.

Saboda haka wajibi ne ɗan da zai kai mahaifiyarsa dashe ya tafi da kwalin maganinta ya nuna wa likitan haƙori, ko da a kasuwa aka saye shi, ko da ta daina sha, gama alendronate kan zauna cikin ƙashi shekaru. Kada kuma ta bar magani da ra'ayin kanta, domin mai barin denosumab farat ɗaya ƙashin bayansa na iya karyewa. Wanda bai fara ba kuwa, ya gyara bakinsa tukuna. Allah ya ƙara lafiya, amin.