Ko a Jikina: Wace Ce Daidai a Turancin Rashin Damuwa?

 Shirinmu na yau na ɗalibai ne da malamansu na Turanci.

Idan mutumin Ingila zai nuna abu bai dame shi ba, cewa yake yi "I couldn't care less." Wato damuwar tasa ta ƙare ƙarƙaf, babu sauran abin ragewa. Tun shekarun 1940 ake jin wannan magana a can. Da ta haye Amurka sai wasu suka yar da kalmar korewa, suka koma "I could care less," kuma zuwa shekarun 1960 ta bazu. In aka bi ta kalma-kalma ma'anar ta juye, ta zama akwai sauran damuwa, alhali mai faɗinta rashin damuwa yake nufi. Ita ce yaranmu ke tsinta a finafinai da waya.

To, kafin mu ga laifin Amurkawa, mu saurari bakinmu. Je ka kasuwar Gwaram, ka ce wa mai tumatir maƙwabcinsa ya karya farashi. Zai taɓe baki, ya watsa hannu, ya ce, "Ko a jikina!" Ina "ba" a ciki? Babu. An datse "ban ji ba" da ya kamata ta biyo baya, kuma Bahaushe bai taɓa rikicewa ba. Haka "ko oho." "Ina ruwana?" ma tambaya ce da ba a jiran amsarta. Murya da fuska ne ke ɗauke da korewar.

Amma mai duba takardar WAEC ko NECO ba ya jin muryarki, ɗiyata, ba ya ganin taɓe bakinka, ɗana. Abin da alƙalami ya ajiye shi zai karanta. Saboda haka ku rubuta ta farkon, mai "couldn't," wadda babu gardama a kanta a Ingila ko Amurka. A wasiƙar neman aiki kuwa ku guje su duka biyun, don magana ce mai kaushi, kamar dai yaro ya dubi mahaifinsa ya ce "ko oho."

Malamai, roƙona gare ku: ku rubuta jimlolin biyu a allo, ku sa "ko a jikina" a ƙarƙashinsu, sannan ku bar yaran su nemo inda korewar ta shiga.