Jirgin Cikin Gari da Ruwan Famfo

Unguwannin Kaduna iri biyu ne wajen ruwa. Akwai inda uwargida za ta murɗa kan famfo kowane lokaci ya zubo. Akwai kuma inda sai an ji yaro ya ƙwala ihu, "An kawo ruwa!", sannan gida ya rikice, a fito da bokiti da baho da jarka, a cika duro da randa, domin ba wanda ya san ranar da zai dawo. Dukansu biyun an shimfiɗa musu bututu, an kashe kuɗi. Amma a unguwa ta biyu mai hali ya haƙa burtsatse, marar hali kuma yana ga 'yan garuwa kullum.

Da wannan idon nake kallon maganar jirgin ƙasa na cikin gari da gwamnatin Uba Sani ta ɗauko. An sanar da layi biyu: ɗaya daga Rigachikun zuwa Sabon Tasha, ɗaya daga Millennium City zuwa Rigasa, kuma gwamnatin tarayya ta ware wa aikin Naira biliyan 100 a kasafin 2025. Ina murna da shi ƙwarai. Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kawo da ƙarfe bakwai na safe yana kokawar shiga bas, ko ya maƙale a titin Ahmadu Bello gab da magariba, ya san abin da ake nufi. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, kuɗin mota ya shiga sahun kuɗin cefane a lissafin maigida.

Kaduna ba baƙuwar dogo ba ce. Layin da ya haɗa Legas da Kano a 1912 ya riga yawancin unguwanninmu zuwa, na gabas daga Fatakwal ya zo ya same shi a Kaduna Junction, kuma har yau tsohon layin na nan ya ratsa gari daga kudu zuwa arewa. A Yulin 2016 aka buɗe na zamani daga Rigasa zuwa Idu a Abuja, kilomita 186. Sai dai wannan jirgin bulaguro ne. Mutum ya sayi tikiti tun da wuri, ya shirya jaka, ya tsara yininsa a kan lokacin tashi. Malamar makaranta da ke zaune a Hayin Banki tana koyarwa a Barnawa ba za ta iya yin haka kowace safiya ba. Ita abin da take so shi ne ta isa tasha ba tare da ta duba agogo ba.

Lissafin ba shi da wuya. In jirgi na zuwa duk minti goma, jiran da mutum zai yi a tsaka-tsaki minti biyar ne. In sai bayan awa biyu, awa guda ke nan, kuma wanda ya makara da minti ɗaya ya rasa rabin safiyarsa. Sau biyu ko uku hakan za ta same shi ya koma wa Keke Napep ɗinsa, ko da ya fi tsada, domin shi keke ko yaushe ka ɗaga hannu yana nan. Daga nan taragai su riƙa tafiya wayam, a ce jama'a ba sa so, a rage zirga-zirga, 'yan tsirarun da suka rage su ma su watse. Haka famfo ke mutuwa a unguwa: ruwa ya yi ƙaranci, mutane su daina biyan kuɗi, gyara ya tsaya, tsatsa ta cinye bututu.

Abuja ta ɗanɗana wannan. An ƙaddamar da jirginta na cikin gari a 2018, sawu kaɗan a rana, tashoshin da yawa nesa da inda jama'a ke kwana. Ya tsaya a 2020, sai a Mayun 2024 aka sake tayar da shi. Legas ta bi wata hanya da layinta na Agbado zuwa Oyingbo, kilomita 27, wanda ya bi ta tsohuwar hanyar dogo, cikin unguwanni masu cunkoso, aka kuma gina gadojin sama a wurare irin su Ikeja da Yaba don kada mota da jirgi su riƙa jiran juna. Wannan darasi ne gare mu kai tsaye, domin in jirgi zai wuce duk minti goma, ba a iya tare titi da sanda da tuta kowane sawu.

Yawan zuwan nan kuwa ba da baki ake samunsa ba. Layi ɗaya tal ba ya ɗaukar mai zuwa da mai dawowa a lokaci guda, sai an yi biyu, ko aƙalla wuraren kaucewa masu yawa. Sai an tanadi jirage fiye da waɗanda ke kan hanya, domin kullum akwai wanda ke wurin gyara. Sai makanikai 'yan gida da kayan gyara a ajiye. Waɗannan ba sa fitowa a hoton yanke ƙyalle, shi ya sa nake tsoron a tsuke musu kuɗi.

Sannan babban bututu, komai girmansa, bai shayar da kowa ba sai an ja ƙanana zuwa cikin gidaje. Mutumin Malali ko Unguwar Rimi ko Badarawa ba a bakin dogo yake ba. Masu keke da direbobin bas su ne ƙananan bututun, kuma ina ganin kuskure ne babba a ɗauke su abokan gaba. A ba su wurin tsayawa a ƙofar kowace tasha, a zauna da ƙungiyoyinsu tun kafin a kafa tubali. Motocin bas masu aiki da gas da aka fito da su a 2025 su ma a ɗaura hanyoyinsu da tashoshin.

Saboda haka in 'yan majalisa da 'yan jarida sun samu jami'an aikin, kada su tsaya ga tambayar ranar buɗewa. Su tambaya: duk minti nawa zai zo da safe? Ƙarfe nawa na ƙarshe zai bar Sabon Tasha da dare, don ɗan kasuwar da ya rufe shago bayan isha'i? Nawa ne kuɗin Kawo zuwa Kakuri? Wa zai biya gyara a shekara ta biyar? A rubuta amsoshin a takarda, a buga kowa ya gani.